Haƙorin ɗiyata ya ƙi fitowa, ga kumburi a dasashi

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san abin ga ya taimaka min da shawara. Ɗiyata shekararta 8 da wata biyu. Ta yi famfara tun bara, haƙoran gaba na sama guda biyu sunka zube kusan lokaci ɗaya. Na dama ya tsiro har ya kai tsawonsa, na hagu ko alamarsa babu. Wata huɗu da sunka wuce sai na lura wurin ya ɗan taso, in ka taɓa da yatsa tauri kamar dutse. Ba ta kukan ciwo, ba zazzaɓi, tana cin tuwonta tana zuwa makaranta. Sau uku ana ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, ba abin da ya sauya. Yanzu surukata ta ce a kira wanzami ya tsaga dasashin, haƙori ya samu hanya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Inna Kulu:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Haƙori ai kowa da lokacinsa. Jikana sai da ya shekara guda da giɓi sannan nasa ya fito. Tun da ba ta jin ciwo ki bar yarinya ta huta, ki yi ta addu'a.

Baban Sadiq:
Ba hangum ba ne kuwa? Yana yawo a Mabera kwanan nan.

Maman Hanifa:
A'a Malam, ta yi hangum tana shekara biyar, na san shi. Shi a gindin kunne yake, da zazzaɓi da ciwo, mako ɗaya zuwa kwana goma ya wuce. Wanga a dasashi yake, ƙarƙashin leɓe, kuma wata huɗu ke nan.

Anti Rabi:
Maman Hanifa, don girman Allah kada a kira wanzami. Shekara 14 ina aikin jinya, na ga yaran da aka kawo bayan tsaga, jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya ruɓe. Akwai likitar haƙori a cikinmu, bari in taɓo ta. Dakta Nafisa, ga tambaya.

Dakta Nafisa:
Sannu Maman Hanifa, Allah ya ba ta lafiya. Ba zan iya cewa ga ciwon da ke damunta ba sai an duba ta, kuma ko kin turo hoton bakinta a waya ba zai nuna min abin da ke cikin ƙashi ba. Amma akwai abu biyu a bayaninki da suka isa a ce ki kai ta asibiti a makon nan.

Na farko, ƙa'idar da muke bi ita ce in haƙorin gefe ɗaya ya fito, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya wuce wata 6 bai biyo ba, to a ɗauki hoton ƙashi a ga abin da ya tare shi. Haƙoran gaba na sama suna fitowa ne tsakanin shekara 7 zuwa 8, kuma kusan tare suke zuwa. Inna Kulu ta yi gaskiya cewa yara sun bambanta, amma wannan bambanci tsakanin yaro da yaro ne. A baki ɗaya dama da hagu ba sa yin nisa haka da juna.

Na biyu, kumburin mai tauri ne kuma ba ciwo. Mugunya tana da ciwo, tana da laushi, tana zuwa da sauri. Abin da ke tura ƙashi a hankali daban ne, shi ya sa maganin kemis bai yi komai ba, don babu ƙwayar cutar da zai kashe.

Abin da ke tare haƙori a wannan wuri yana iya zama haƙorin ƙari da ya tsiro a tsakiya, ko buguwar da haƙorin nono ya taɓa yi tana ƙarama, ko kuma wani ƙari da muke kira odontoma. Hoto ne zai raba.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Ƙari Dakta? Kansa ke nan?

Dakta Nafisa:
Kwantar da hankalinki. Ba kowane ƙari ne kansa ba. Bari in yi bayani dalla-dalla don wasu ma su amfana.

Tun yaro yana ciki, wajen mako na 6, ake fara shuka haƙoransa a cikin muƙamuƙi. Haƙoran nono 20 ne, na girma 32, kuma na girman suna nan kwance a ƙarƙashin na nono suna ginuwa shekara da shekaru. Ƙwayoyin halittar da ke wannan gini, wasu na yin farin ɓawon haƙori, wasu na yin jikinsa na ciki. Wani lokaci sai su yi aikin ba bisa tsari ba. Maimakon haƙori ɗaya, sai su gina ƙananan haƙora masu yawa kamar tsabar shinkafa a cikin jaka ɗaya, galibi a gaban muƙamuƙin sama. Ko kuma su tara dunƙulen abu mai tauri marar siffa, galibi a baya wajen matauna na ƙasa. Duka biyun odontoma ne. Ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki, yana kai wani girma ya tsaya, in an cire shi da jakarsa da wuya ƙwarai ya dawo. Babbar ɓarnarsa ita ce tare wa haƙori hanya da karkatar da na kusa.

To amma yana da 'yan'uwa, kuma ba duka ne masu sauƙin hali irin nasa ba.

Malam Bello Gwadabawa:
Dakta bari in shigo nan, don ni na ga marar sauƙin halin da idona. Ɗan yayana yana shekara 12 anka ga haɓarsa ta gefe ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Ba ciwo. Anka ce iska ce, anka ce maƙwabta ne, anka yi hayaƙi, anka yi tsaga har sau biyu. Shekara huɗu ana wannan abu. Lokacin da munka kawo shi Sakkwato haƙoransa na wannan gefen duk sun yi lilo, ba ya iya tauna nama, ya daina zuwa makaranta saboda tsokanar yara. Likitoci sunka ce ba kansa ba ne, amma ya cinye ƙashin. Sai da anka yanke kusan rabin muƙamuƙinsa na ƙasa anka sa ƙarfe, daga baya anka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa anka dasa. Gona guda yayana ya sayar. Yaron yana nan da ransa alhamdulillahi, amma har yau leɓensa na ƙasa ba ya ji a wannan gefen. Likitan ya gaya mana da a shekarar farko munka zo, da aikin bai kai haka ba. Wannan magana har yanzu tana cin raina.

Dakta Nafisa:
Allah ya ƙara masa lafiya Malam Bello. Abin da ka kwatanta ya yi kama da amelobilastoma. Shi ma daga ƙwayoyin ginin haƙori yake tasowa, kuma a asibitocin Najeriya shi ne muka fi gani cikin wannan dangi, alhali a Turai da Amurka odontoma aka fi samu, don su yaransu ana yi musu hoton haƙori ko ba su da wata matsala. Ba ya saurin yaɗuwa jiki kamar kansa, amma yana kutsawa cikin ƙashi kamar saiwar bishiya a jikin katangar ƙasa. In an kankare shi kawai yakan dawo, shi ya sa a nau'insa mai ƙarfi ake yankewa har da ɗan lafiyayyen ƙashin da ke kewaye, wajen santimita ɗaya. Akwai nau'in da ya fi kama yara da matasa, mai kamar jakar ruwa guda ɗaya, wanda in an same shi da wuri ana iya yin aikin da bai kai yanke muƙamuƙi ba. Wani lokaci ma a fara buɗe masa ƙofa ya tsiyaye ya ƙanƙance tukuna.

Akwai kuma amelobilastik faiburoma, mai son yara 'yan ƙasa da shekara 20, galibi a bayan muƙamuƙin ƙasa. Ana ƙwaƙule shi a kankare wurin, amma dole a riƙa dawowa ana hoto shekaru da yawa, don yakan dawo, kuma a wasu 'yan kaɗan in ya yi ta dawowa yana iya rikiɗa ya zama mugun ciwo.

A kan yaro muna taka-tsantsan fiye da babba, domin muƙamuƙinsa bai gama girma ba, kuma cike yake da haƙoran da ba su fito ba. Duk abin da ka yanke yau, fuskar za ta girma da rashinsa. Wannan ne ya sa muke roƙon a zo tun abin yana ƙarami.

Abu Arkilla:
Ni fa ina da ja. Ku likitoci komai sai ku ce tiyata. Dakta da bakinki kin ce shi odontoma yana kai wani girma ya tsaya, ba ya kisa. To me ya sa za a yi wa yarinya 'yar shekara 8 allurar barci a kan abin da ba ya kisa? Mun ji waɗanda aka sa barci ba su farka ba. A bari ta girma mana ta yanke wa kanta shawara.

Anti Rabi:
Abu, ai ba a ma yi hoto ba tukuna, ka riga ka kai tiyata.

Abu Arkilla:
Anti ai can za a ƙare, mun sani. Kuma kuɗin fa? Kowa ya san halin da ake ciki.

Dakta Nafisa:
Malam Abu tambayarka tana kan hanya, kuma iyaye da yawa suna yi min ita. Allurar barci tana da haɗari, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa ake auna jinin yaro, a duba ko yana da sikila, a saurari ƙirjinsa, a ɗage aiki in yana mura ko tari, a hana shi abinci wajen awa 6 kafin a shiga. A hannun ƙwararren mai ba da allurar barci, ga yaro mai lafiya, haɗarin ƙarami ne.

Jiran kuwa yana da nasa farashi. Haƙori yana da ƙarfin tura kansa waje ne lokacin da saiwarsa take kan ginuwa. In an kawar da abin da ya tare shi a wannan lokaci, sau da yawa da kansa yake saukowa. In saiwar ta gama, wannan ƙarfi ya ragu, sai an buɗe an ɗaura masa waya an riƙa jan sa wata da watanni, kuma wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba. Haƙoran gefe su ma ba sa jira, suna matsowa su cinye gurbin. Ga abu mafi nauyi: ba wanda zai tabbatar maka odontoma ne ba wani ɗan'uwansa ba sai an yi hoto, kuma tabbaci na ƙarshe sai an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji an duba shi a madubin ƙara girma. Wanda ya ce a jira bai san abin da yake jira da shi ba.

Abu Arkilla:
Na ji na hoto. Na tiyata dai ban gamsu ba har yanzu.

Hajiya Luba:
Ni tsorona daban ne. Ɗan maƙwabciyata a Wamakko kumatunsa ya kumbura, cikin mako uku ido ya turo, haƙora suna girgiɗi. Shi ma an ce ƙari. Shin iri ɗaya ne da na yarinyar nan?

Dakta Nafisa:
Hajiya wannan wani abu ne daban, kuma na gode da kika kawo shi, don a yankinmu duk yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura sai mun tuna da shi. Kumburin da ke ninka kansa cikin kwanaki ko makonni, haƙora su yi lilo, wani lokaci ciki ma ya kumbura, yana iya zama kansar Burkit. Wani likita mai suna Denis Burkit ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958, kuma ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ita ba yanka ake yi ba, magungunan kansa ake bayarwa, kuma tana jin magani sosai in an fara da wuri. Irin wannan ba a kwana da shi a gida.

Sai ciwon noma, wanda mu mutanen Sakkwato muka sani. Yana farawa da gyambo a dasashi, baki ya yi wari, kumatu ya kumbura ya yi baƙi, cikin kwanaki ya huda. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Muna da Asibitin Noma a garin nan tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da su tun 2014, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Na Hanifa bai yi kama da ko ɗaya cikin biyun nan ba bisa abin da mahaifiyarta ta faɗa. Wata huɗu, tauri, ba ciwo, ba wari.

Maman Hanifa:
To Dakta ina zan nufa? Kuma me zan ce wa surukata? Ta riga ta yi wa wanzamin magana, Asabar zai zo.

Dakta Nafisa:
Ki je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, can akwai likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi da ɗakin gwajin nama. Za a fara da ƙaramin hoton wurin, wataƙila a ƙara da babban hoton da ke nuna muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne. In abin babba ne ko yana kusa da hanci ko jijiya, sai a nemi siti-sikan, wato hoton na'ura da ke nuna cikin ƙashi dalla-dalla. Ki tafi da kwalayen magungunan da ta sha, kuma ki tuna ko ta taɓa faɗuwa a kan bakinta tana ƙarama.

Inna Kulu:
Maganar suruka ki bar wa mijinki, ɗiyata. Kada ke ki ce mata a'a. Shi zai ce, Inna a bari a ɗauki hoto tukuna, in ba komai sai a yi yadda kika ce. Uwa ba ta ƙin maganar ɗanta in ya zo da ladabi. Ni ma na janye tawa, tun da likita ta yi bayani. A kai ta.

Malam Bello Gwadabawa:
In ya ga dama ya karanta mata abin da na rubuta. Ban ɓoye komai ba.

Maman Hanifa:
Jama'a na dawo. Baban Hanifa ya yi magana da Inna surukata, ta yarda, har ita ta raka mu ranar Talata. An yi hoto. Wallahi da likita ya ɗaga shi ya nuna mana sai da na riƙe baki. Wasu 'yan ƙananan abubuwa farare a cunkushe wuri ɗaya, ga haƙorinta na gaskiya can sama a kwance yana jira. Ya ce ya yi kama da odontoma, sai an ciro an auna za a tabbatar. Inna ta tambaye shi da wanzami ya tsaga fa? Ya ce da fata kawai zai yanka, abin yana cikin ƙashi. Ba ta ƙara magana ba har munka iso gida. An rubuta mana gwajin jini, aiki mako biyu masu zuwa.

Abu Arkilla:
Allah ya sa a yi a sa'a. Ki tambaye su ko za a iya yi da allurar kashe wuri kawai ba sai an sa ta barci ba.

Dakta Nafisa:
Tambaya ce mai kyau, ki yi ta. A babban yaro mai natsuwa, in abin yana kusa da sama, ana yi da allurar kashe wuri. Amma 'yar shekara 8 da za a buɗe ƙashi kusa da haƙorin da ake son ceto, motsi ɗaya na iya sa a taɓa shi. Likitan da ya ga hoton ya kuma ga yarinyar shi zai fi sanin wanda ya dace. Ki kuma tambaye shi ko zai manna wa haƙorin ɗan ƙarfen da za a ja shi da shi tun a wannan aikin, don kada a sake buɗewa in bai sauko da kansa ba.

Baban Sadiq:
Ni wannan zance ya sa jiya na tara yarana huɗu na haska bakinsu da tocila ɗaya bayan ɗaya. Na ukun akwai haƙorin nono guda a ƙasa da bai faɗi ba, alhali na ɗaya gefen ya sake tun bara. Dakta shi ma hoto?

Dakta Nafisa:
E Baban Sadiq, a kai shi a duba. Haƙorin nono da ya ƙi faɗuwa bayan ɗan'uwansa ya daɗe da sakewa yana cikin alamun. Sau da yawa ba komai ba ne, wani lokaci ma na girman ne babu shi tun asali. Kada dai a cire shi a gida kafin a ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Maman Hanifa:
Alhamdulillahi, an yi aiki jiya da safe, barci anka sa ta. Ta cikin baki anka bi, ba tabo a fuska. Guda 11 anka ciro, an nuna mana su a 'yar kwalba kafin a kai ɗakin gwaji, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba, amma kowane da siffar haƙori. Leɓenta ya kumbura, tana shan kunu mai sanyi da yogot. An ce kada ta kurkure baki da ƙarfi yau, daga gobe ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane abinci. Inna ce ta kwana da ita a asibiti, ta ce in tafi gida wajen ƙannenta.

Anti Rabi:
Barka, barka. Kada ki bari sakamakon gwajin ya kwana a can, mutane da yawa in ciwo ya warke ba sa komawa karɓa. Ki karɓa ki kai wa likitan, ki adana kwafi tare da hoton farko.

Malam Bello Gwadabawa:
Barka da arziki Hajiya. Zan tura wa yayana wannan zancen duka, akwai wata yarinya a ƙauyenmu da haɓarta ta fara tasowa.

Maman Hanifa:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Sakamako sai bayan mako biyu. Likita ya ce saiwar haƙorin ba ta gama ba, don haka za a ba shi lokaci ya sauko da kansa, mu dawo bayan wata uku a sake hoto, in ya kai wajen wata tara zuwa shekara bai motsa ba sai a yi maganar ɗaura masa waya a ja shi. Dakta Nafisa, tambaya ɗaya ta rage min: makaranta fa, Litinin za ta iya komawa ko in bari sai an cire ɗinki?

Dakta Nafisa:
In kumburin ya sauka kuma tana cin abinci, Litinin ta koma. Ki gaya wa malamarsu kada ta yi guje-guje a makon farko, kuma ban da rake da ƙashi har sai likitanta ya duba wurin.